Kyanwar Gida da Lafiyar Iyali

 

Yau zancenmu a kan kyanwa ne, wadda waɗansu ke kira mage. Na san wani zai ce, "Mu da ke fama da zazzaɓi da gudawa, ina ruwanmu da kyanwa?" To, malam, yi haƙuri ka ji. Dabbar da ke kwana cikin ɗakinka, ta hau tabarmar da jaririnka ke kwance, ta shiga rumbunka ta fito, ai lafiyarta da taka a haɗe su ke. Kyanwa ɗaya ko biyu masu lafiya, waɗanda ke zaune a gida, alheri ne ga iyali. Amma in aka bar su suna ta haihuwa har su cika unguwa ba mai su, alherin nan ya kan juye ya zama wahala. Abin da na ke so in bayyana muku shi ne yadda za a riƙe alherin a kauce wa wahalar, watau a kai kyanwa da muzuru wurin likitan dabbobi a tsai da haihuwarsu, a kuma yi musu allurar rigakafi.

AMFANIN KYANWA

Kowane manomi ya san ɓarnar ɓera. Ka sha rana ka yi noma, ka kai hatsi rumbu, shi kuwa ya bi dare ya ci, abin da bai ci ba ya ɓata da kashi da fitsari. Ya huda buhu, ya yayyaga tufafi. Amma akwai ɓarnar da ta fi wannan, wadda ido ba ya gani. Wani ƙaramin ɓera mai yawan nonuwa, wanda ke zama cikin gidaje da gonaki a ƙasarmu, shi ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa. An fara gane ciwon nan a 1969 a garin Lassa cikin ƙasar Barno, shi ya sa aka ba shi sunan garin. Ɓeran kansa ba ya ciwo, sai dai ya riƙa zubar da ƙwayar cikin fitsarinsa da kashinsa. In ya bi ta kan garin tuwon da aka bari a buɗe, ko hatsin da aka shanya a ƙasa, mutum ya ci, sai ya kamu. Ciwon ya fi yawa da rani. Ga yawancin mutane ya kan zo da sauƙi, amma ga waɗansu ya kan yi tsanani har ya kashe, ya fi kuwa muni ga mata masu tsohon ciki. Waɗansu da suka warke su kan kurmance.

Cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar don kare kai daga ciwon nan akwai ajiye abinci cikin mazubi mai murfi, da zubar da shara nesa da gida, da tsabtace gida, da kuma ajiye kyanwa. Kun ga ashe kyanwa abokiyar aikinmu ce, mu ma'aikatan lafiya. Ita kaɗai ba za ta gama da ɓera ba, gama in an bar tuwo a buɗe sai ya zo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma gidan da kyanwa ke ciki ɓera ba ya sakin jiki.

Saboda haka kada wani ya ɗauka cewa na ke yi a kori kyanwa. Maganar ita ce, wace irin kyanwa mu ke so, kuma guda nawa?

YAWAN HAIHUWA

Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 ko 5 da haihuwa, lokacin da mai gida ke ganinta 'yar ƙarama mai wasa da zare. Cikinta kwana 63 ne zuwa 65, watau mako 9. Ta kan haifi 'ya'ya 3 zuwa 5, wani lokaci fiye. A ƙasashen Turawa kyanwa ta kan huta da hunturu, saboda wuni ya kan gajarta ƙwarai. A nan kuwa, inda tsawon wuni bai cika sakewa ba, tana iya haihuwa kowane lokaci, sau 2 ko sau 3 a shekara. Har ma tana iya ɗaukar wani ciki alhali kuwa ba ta yaye na farko ba.

In lokacin neman namiji ya zo mata, za ku ji tana wani irin kuka da dare kamar na jariri, tana birgima a ƙasa, tana goga jiki a ƙafar mutane, tana neman hanyar fita. Waɗansu su kan ce ciwo ne, waɗansu su ce iskoki ne. Ba ko ɗaya, muzuru ta ke nema. In ba ta samu ba, bayan mako 2 ko 3 abin ya komo.

Bari mu yi ɗan lissafi tare. Mu ce kyanwarka ta haihu sau 2 a shekara, kowace haihuwa 'ya'ya 4. Shekarar fari 8 ke nan, mu ce 4 mata ne. Shekara ta biyu, uwa da 'ya'yanta mata sun zama 5, kowacce ta kawo 8, an sami 40. Cikin 40 ɗin nan 20 mata ne, a haɗa da 5 na da, sun zama 25. Shekara ta uku, 25 sau 8, 200 ke nan. To, ka ga daga kyanwa ɗaya tak, cikin shekara 3, an kusa 250.

Wannan lissafi ne na in duka za su rayu. Ba sa rayuwa kuwa, kuma kowa ya san dalili. Mai gida ya gaji da kuka da ƙazanta, ya sa yaro ya zuba su cikin buhu ya kai bayan gari, ko bakin kasuwa, ko kan juji, ya yar. Waɗansu yunwa ta kashe su, waɗansu kare ko shaho, waɗansu yara su bi su da jifa. A wani bincike da aka yi a Amurka, aka buga a 2004, an bi 'yan kyanwar da aka haifa a waje, aka tarar 3 cikin 4 sun mutu ko sun ɓace kafin su cika wata 6. Musulmi da Kirista, duka an hore mu da tausayin dabba. Kowa ya ji a bakin malamai labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ta hana ta abinci har ta mutu. Ya kamata mu tuna da shi sa'ad da mu ke ɗaure bakin buhu.

Waɗanda suka tsira su ne kyanwoyin da ku ke gani suna tonon juji, suna tsallake katanga, suna satar kifi da nama, 'yan tsaki kuwa ana muzuru ana shaho a kansu. Suna faɗa da juna, suna gamuwa da karnukan da ba su da iyayen giji, ba mai yi musu allura. Ta nan cuta ke samun ƙofar shiga gidajenmu.

CIWON HAUKAN KARE

Ciwon da ya fi duka muni shi ne na haukan kare. Sunansa ya kan ruɗi mutane, su zaci kare kaɗai ke yinsa. Gaskiya ne kusan duk mutanen da suka kamu, wajen 99 cikin 100, daga kare suka samu. Amma kyanwa ma tana kamuwa in mahaukacin kare ya cije ta, sa'an nan ita ma ta ba mutum ta cizo, ko yakushi, ko ta lashi wurin da fata ta ƙuje, gama ƙwayar cutar tana cikin miyau. An ƙiyasta ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 a duniya kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, 4 cikin 10 kuwa yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Yaro ne ke ɗaukar kyanwar da ya gani a hanya, yaro ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron duka. Iyaye, ku gaya wa 'ya'yanku, wanda dabba ta ciza ya faɗa nan da nan, ba za a doke shi ba.

Kyanwar da ta kamu ta kan sake hali. Wadda a da kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi, sai ka ga ta ɓuya cikin duhu, ko ta faɗa wa mutum ba dalili. Muryarta ta dushe, miyau ya riƙa dalala, daga baya ƙafafun baya su shanye, ta mutu cikin 'yan kwanaki. In kun ga haka kada kowa ya taɓa ta da hannu. A rufe ta a ɗaki ko a kife ta da kwando, a sanar da malamin dabbobi.

In kyanwa ko kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, ga abin yi. A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana zuba ana wankewa har minti 15 cur. Wankin nan shi ne magani na fari, yana fitar da ƙwayar kafin ta kama jijiya. In akwai aidin a shafa. Kada a sa barkono, ko toka, ko ƙonannen gashin dabbar, kada kuma a ɗaure raunin tamau. Sa'an nan a tafi asibiti a ranar, ba gobe ba. Za a fara allurar rigakafi, wadda a ke yi sau da dama cikin kwanaki da aka ƙayyade, kuma lalle ne a cika ta duka. In raunin mai zurfi ne akwai wata allura da a ke yi a bakinsa, da kuma ta ciwon sarƙe haƙora. Dabbar da ta yi cizon, in ta gida ce, a tsare ta kwana 10 ana ba ta ci da sha ana dubanta, amma kada a ce sai an ga ƙarshenta za a fara allura.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne raunin ya kan warke sarai, a manta. Ciwon ya kan ɓoye wata 2 ko 3, wani lokaci mako 1 kurum, wani lokaci har shekara. Ran da ya bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, to, sai dai addu'a, gama da ƙyar a ke samun wanda ya tashi. Amma kafin ya bayyana allura tana hana shi. Tun 1885 wani masani na Faransa mai suna Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar nan bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuwa ya rayu. Yau shekara fiye da 100 ke nan da samun rigakafi, bai kamata a ce har yanzu muna binne yara saboda cizon dabba ba.

WAƊANSU CUTUTTUKA

Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira toksofilasma. Kyanwa ta kan same ta daga cin ɓera, ko tsuntsu, ko ɗanyen nama, ta riƙa fitar da ita cikin kashinta har mako 1 zuwa 3. Yawanci sau ɗaya ta ke yin haka a rayuwarta, tun tana ƙarama. Mutum mai ƙarfi in ya kamu, sau da yawa ba ya ma sani. Amma in mace ta kamu karon farko tana da ciki, ana iya yin ɓari, ko a haifi jariri da lahani a ido ko a ƙwaƙwalwa. Ƙwayar ba ta iya kama mutum sai kashin ya kwana 1 zuwa 5 a ƙasa, bayan haka kuwa tana iya yin watanni cikin ƙasa mai damshi. Saboda haka a kwashe kashin kyanwa kowace rana a binne, wani ya yi aikin nan ba mai ciki ba. A wanke hannu da sabulu bayan aikin lambu, a wanke ganyen da za a ci ɗanye, a dafa nama ya nuna sosai, gama ta naman da bai dahu ba ma ana kamuwa. Ba sai an kori kyanwar gida don uwargida ta yi ciki ba, amma lokacin nan ba lokacin kawo sababbin 'yan kyanwa ba ne.

Sai makero, wanda ke cin gashin kan yara. Ba daga askar wanzami kaɗai a ke samunsa ba, 'yan kyanwa ma suna ba da wani iri. Sai tsutsar ciki, wadda ƙwanta ke fita cikin kashin kyanwa, yaro mai rarrafe ya ci ƙasa ya haɗiye. Sai kuma kaluluwa da zazzaɓi, waɗanda kan biyo bayan yakushin ɗan kyanwa mai ƙuma.

Ku lura da abu guda. Duk cututtukan nan da na lissafa sun fi fitowa daga wuri biyu, 'yan kyanwa ƙanana da kyanwoyi masu yawo. Babbar kyanwa mai ƙoshi, wadda aka yi wa allura, ta ke zaune gida, hatsarinta kaɗan ne. In an rage haihuwa an rage yawo, an toshe ƙofofin nan biyu.

FIƊIYA

Fiɗiya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Mun san bambancin bajimi da fiɗiyayyen sa, wanda ke jan garma ba gardama. Mun san bambancin bunsuru mai wari mai yawo da taure mai ƙiba. Abin nan da mu ke yi wa shanu da awaki don amfaninmu, shi likitan dabbobi ke yi wa muzuru da kyanwa, sai dai hanyar yinsa dabam ce.

Ga muzuru aikin ƙarami ne. Likita zai yi masa allurar barci, ya cire gashin wurin ya wanke, ya yi 'yar tsaga ya fitar da 'ya'yan maraina, ya ɗaure jijiya. Minti kaɗan an gama, yawanci ko ɗinki ba a yi, ranar zai koma gida. Bayan haka yawon dare ya ragu, faɗa ya ragu, fitsarin nan mai wari da ya ke fesa wa bango da buhunan hatsi yawanci ya daina. Muzurun da ba ya faɗa ba ya komowa gida da tsagaggen kunne da ƙurji mai mugunya, kuma ba ya yawan gamuwa da dabbar da za ta ba shi hauka. Amma ku sani, har mako 4 zuwa 6 bayan aikin yana iya yi wa mace ciki, sai a raba su.

Ga mace aikin ya fi girma, gama sai an buɗe ciki. Bayan allurar barci likita zai yi 'yar tsaga a ƙasan cibiya ko a kwiɓi, ya cire mahaifa da ƙwayaye biyu da ke kusa da ita, inda ƙwan haihuwa ke fitowa, sa'an nan ya ɗinke. Cikin kwana 10 zuwa 14 ta warke. Daga nan ba ciki, ba kukan dare, ba taron muzurai a kan katanga. Ita ma kanta ta tsira daga ciwo biyu masu kashe kyanwa. Ɗaya shi ne mahaifa ta cika da mugunya. Ɗayan kuwa ciwon daji na nono, wanda a jikin kyanwa yawancinsa mugun iri ne. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna kyanwar da aka yi wa aikin kafin ta cika wata 6, hatsarin ciwon nan gare ta ya ragu da wajen kashi 9 cikin 10.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne wata 4 zuwa 5 da haihuwa, kafin ta fara neman namiji. Babba ma ana yi mata, in likita ya duba ya ga lafiyarta ƙalau. Mai shayarwa kuwa a bari ta yaye, nono ya ƙafe, amma a tsare ta kada ta sake ɗaukar wani kafin ranar.

KADA A YI A GIDA

A nan ina roƙonku ku buɗe kunne. Kada wanda ya iya dandaƙar bunsuru ya ce zai gwada a kan muzuru. Babban awartakin nan mai suna Burdizzo da malaman dabbobi ke matse wa shanu jijiya da shi, ba na muzuru ba ne. Ɗaure maraina da roba ko zare ba na muzuru ba ne, aska da reza ma haka. Marainan muzuru ƙanana ne, a manne su ke da jiki kusa da mafitsara. Wanda ya yi masa haka ba allurar barci ya azabtar da shi, wurin ya ruɓe, mai riƙon kuwa ya sha cizo, a kawo mana shi ɗakin magani. Mace ko ba a ma maganarta, buɗe ciki aikin likita ne kaɗai.

Kada kuma a ba kyanwa ƙwayar tsarin iyali ta mata, ko a yi mata allurar. Irin magungunan nan suna jawo mata ciwon mahaifa da na nono, su ne kuwa mu ke gudu.

INDA ZA A KAI TA

A fara tambaya a ofishin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha, shi zai faɗi inda likita mai yin aikin ya ke. A manyan garuruwa akwai asibitocin dabbobi na gwamnati da na masu zaman kansu. Akwai kuma asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. A Vom kusa da Jos, inda aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi tun 1924, ana yin alluran rigakafin dabbobi iri iri, har da ta haukan kare. A tambayi kuɗin aikin tun kafin a tashi, don kada a yi tafiyar banza.

Likita zai faɗi awa nawa za a hana ta abinci kafin aikin. A bi maganarsa, gama in cikinta cike ya ke tana iya yin amai cikin barci ta shaƙe. A ɗauke ta cikin kwando mai murfi ko akurki mai tsabta, a shimfiɗa tsumma a ciki. Kada a sa ta cikin buhun da iska ba ta shiga, kada kuma a rungume ta a kan babur, gama in ta firgita za ta yakushi mai riƙon ta tsere. Da an je a roƙi likita ya haɗa da allurar haukan kare, wadda a ke fara yi daga wata 3 da haihuwa, a riƙa maimaitawa yadda ya faɗa, da maganin tsutsa da na ƙuma. A karɓi takardar shaidar allurar a adana. Ran da kyanwar ta yakushi ɗan maƙwabci, takardar nan za ta kashe rigima.

Bayan an komo gida a sa ta a ɗaki mai tsabta, ba yara ba hayaniya. Da yamma a ba ta ruwa da abinci kaɗan. A duba ɗinkin safe da yamma, a hana ta lasa da tsalle-tsalle. Kada a shafa toka, ko kashin shanu, ko kananzir, ko baƙin mai, ko maganin wanke ɗaki, gama duk abin da aka shafa wa kyanwa sai ta lashe. In wurin ya kumbura, ko yana fid da ruwa, ko ɗinki ya buɗe, ko ta ƙi abinci har kwana 2, a mai da ta wurin likita.

Ga wani gargaɗi babba. Kada a ba kyanwa farasitamol, wanda ku ka fi sani da Panadol. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da shi yadda tamu ke yi, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. In tana jin zafi, likitan dabbobi yana da nata maganin. Haka kuma maganin ƙuma da kaska na kare ko na shanu, waɗansunsu guba ne ga kyanwa.

TAMBAYOYIN DA A KAN YI

Wani zai ce, "In an yi mata aikin, ai ta daina kama ɓera." Ba ta dainawa. Farauta halinta ne tun daga haihuwa, ba ruwanta da neman namiji. Hasali ma muzurun da ya bar yawon neman mata a wata unguwa ya fi zama gida, ɓeran gidanka zai kama ba na wani ba.

Wani zai ce, "A bar ta da yunwa ta fi farauta." Wannan kuskure ne. Kyanwa mai ƙoshi ma tana kama ɓera. Mai yunwa kuwa 'yan tsakinka za ta fara ci, sa'an nan ta koma gidan da a ke ba ta. A ba ta abinci da ruwa kullum. Sai dai bayan aikin ba ta bukatar abinci da yawa kamar da, a rage kaɗan don kada ƙiba ta yi mata yawa.

Wata za ta ce, "A bari ta haihu sau ɗaya tukuna, don jikinta ya buɗe." Babu wani amfani da haihuwa ɗaya ke yi wa lafiyarta. Abin da za a samu kurum shi ne 'ya'ya 4 da za a rasa inda za a kai su.

Wani kuma zai ce, "Shin ya halatta?" Ni ba malamin addini ba ne. Amma kowa ya san ana layya da fiɗiyayyen rago, kuma malamai da dama sun yarda da aikin nan in akwai amfani kuma ba a azabtar da dabbar ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, ya kuma gaya masa abin da ke samun 'ya'yan da a ke zubarwa a juji.

IN LIKITA YA YI NISA

Na san da yawa cikinku suna ƙauyukan da ke nesa da likitan dabbobi, kuɗin mota ma aiki ne. To, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu kyanwa su haɗa kai su gaya wa mai unguwa ko dagaci, a roƙi malamin dabbobi a sa rana, ko ranar da a ka zo yi wa shanu da karnuka allura, ko wajen 28 ga Satumba, ranar da duniya ta keɓe tun 2007 don yaƙi da ciwon haukan kare. In ba za a iya yi wa duka ba, a fara da mata, gama su ke haihuwa, kuma muzuru ɗaya da ya rage ya isa ya yi wa matan unguwa duka ciki.

Kafin a samu hali, in kyanwa ta fara kukan nan a rufe ta a ɗaki har ya wuce. In ta riga ta haihu, a bar 'ya'yan da uwarsu har mako 8, sa'an nan a nemi gidajen da ke so, a ba su hannu da hannu, a gaya musu abin da ku ka ji yau. Mai shagon hatsi da mai injin niƙa sau da yawa suna neman kyanwa.

To, jama'a, ga abin da za ku riƙe. A ajiye kyanwa ɗaya ko biyu, a ci da su. A kai su wurin likitan dabbobi suna wata 4 ko 5 a tsai da haihuwarsu, a yi musu allurar haukan kare. Kada a yi fiɗiya a gida, kada a ba su maganin mutane. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke da sabulu minti 15, ya zo asibiti a ranar. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ke da tambaya ya sami malamin ɗakin magani na garinsu, zai ƙara masa bayani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.